GANI YA KORI JI: YADDA TALABIJIN YA SAKE WA MAWAƘAN AMURKA DA INGILA RAWA

Ran Asabar, 1 ga watan Agusta, 1981, ƙarfe 12 na dare ya gota da minti ɗaya, wata sabuwar tashar talabijin ta soma aiki a ƙasar Amurka. Sunanta MTV, kuma alkawarin da ta ɗaukar wa jama'a shi ne ba ruwanta da labarun duniya, ko ƙwallo, ko wasan kwaikwayo, sai kiɗa da waƙa dare da rana. Abin dariya a nan shi ne, ma'aikatan tashar da ofishinsu ke tsakiyar birnin Niyok ba su sami ganinta a gidajensu ba, domin kamfanonin da ke ja wa mutane wayar talabijin a wannan yanki ba su yarda sun ɗauke ta ba. Sai da suka cika motoci suka ƙetare kogin Hudson zuwa wani gari wai shi Fort Lee a Jihar New Jersey, suka taru a wani gidan abinci, sa'an nan suka ga abin da suka yi wata da watanni suna shiryawa.

Waƙar da aka buɗe tashar da ita ta waɗansu Turawan Ingila ce su biyu, masu kiran kansu The Buggles, kuma tun 1979 suka yi ta. Sunanta "Video Killed the Radio Star", watau dai hoton bidiyo ya kashe tauraron rediyo. Da gangan aka zaɓe ta, don kuwa sunan nan shi ne takardar ƙalubale da sabuwar tashar ta aika wa gidajen rediyo. Amma fa wanda ya ce a wannan dare ne ido ya fara ƙwace wa kunne sarauta a harkar waƙa, to, ya makara da shekara 25.

DAGA ƘUGU ZUWA SAMA

A cikin 1956 shirin Ed Sullivan na cikin waɗanda suka fi farin jini a talabijin ɗin Amurka. Kowace Lahadi da daddare iyali kan zauna gaba ɗaya, uba da uwa da 'ya'ya, su kalli masu barkwanci, da masu wasa da dabbobi, da mawaƙa masu kwat da laƙatai. Sullivan mutum ne mai ra'ayin 'yan da, kuma da aka yi masa maganar wani saurayi ɗan Jihar Misisifi mai suna Elvis Presley, sai ya nuna ba ya bukatarsa. Dalili kuwa, a watan Yuni na shekarar Elvis ya fito a shirin Milton Berle yana waƙa yana karkaɗa ƙugu, jaridu da malaman coci suka yi ca a kansa, suka ce wannan ba rawa ba ce, rashin kunya ce.

To, amma kasuwa ba ta san alkawari ba. Ran 1 ga watan Yuli wani abokin hamayyar Sullivan, Steve Allen, ya gayyaci Elvis, ya sa masa kayan manya, ya ajiye masa kare a gabansa ya ce ya rera masa waƙa, wai don a rage masa zafin kai. Duk da wannan wulaƙanci, masu kallon Allen a wannan dare sun ɗara na Sullivan. Ba a yi nisa ba Sullivan ya lashe amansa, ya sa hannu a kan Dala 50,000 domin Elvis ya fito masa sau uku, kuɗin da ba a taɓa jin an ba wani irinsa ba. Fitowar farko, ran 9 ga watan Satumba, an ƙiyasta mutum miliyan 60 ne suka kalla. A fitowa ta uku, cikin Janairu 1957, hukumar gidan talabijin ta umarci masu ɗaukar hoto kada su nuna shi sai daga ƙugu zuwa sama. Wannan dabara ba ta haifar da kome ba sai ƙarin talla, domin 'yan matan da ke zauren suna ta ihu saboda abin da suke gani, na gida kuwa suna ta tunanin abin da aka ɓoye musu.

Tun daga nan aka kafa wani ciniki wanda ya daɗe. Gidan talabijin na bukatar matasa, domin su ne masu talla ke nema, mawaƙi kuma na bukatar gidan talabijin, domin minti uku a gaban kyamara ya fi yawon shekara guda gari gari. Sai dai mai ɗaki shi ke da ikon ƙofa. A 1963 Bob Dylan ya fice daga shirin Sullivan tun kafin a fara, saboda an hana shi waƙar da ya zo da ita. A Janairu 1967 ƙungiyar Rolling Stones ta yarda ta sauya kalmomin wata waƙarta don a bar ta ta fito. A Satumba na wannan shekara aka nemi The Doors su yi haka nan, suka amsa da baki, da aka kunna fitila mawaƙinsu ya rera abinsa yadda yake, ba a sake gayyatarsu ba.

Wannan duk rigimar kalmomi ce da ƙugu. Akwai wadda ta fi ta nauyi, watau ta launin fata. Kiɗan nan da ake kira rok, asalinsa na Baƙaƙen fatar Amurka ne, daga coci-cocinsu da gidajen rawarsu ya fito. A rediyo ba a ganin launin mai waƙa, saboda haka ɗan Bature kan saurari Little Richard ko Chuck Berry a ɗakinsa ba wanda ya damu ƙwarai. Talabijin kuwa ba ya ɓoye fuska. Nat King Cole, wanda muryarsa ta shiga kowane gida, ya sami shirin kansa a gidan NBC cikin Nuwamba 1956, amma bayan shekara ɗaya da 'yan makonni shirin ya mutu, don babu wani babban kamfani da ya yarda ya ɗauki nauyinsa a ƙasa baki ɗaya, suna tsoron kada Turawan jihohin kudu su ƙaurace wa kayansu. A 1957 Alan Freed, mutumin da ya yayata sunan kiɗan rok a rediyo, ya fara wani shiri a gidan ABC. Ana cikin nuna shi sai kyamara ta haska wani yaro mawaƙi Baƙar fata, Frankie Lymon, yana rawa da wata yarinya Baturiya. Tashoshin kudu suka tayar da ƙayar baya, aka soke shirin bayan 'yan makonni.

Wanda ya ci ribar wannan zamani shi ne Dick Clark, saurayi mai tsabta da lafazi mai daɗi, wanda iyaye ke ganin ba zai lalata musu 'ya'ya ba. Shirinsa, American Bandstand, daga birnin Filadelfiya yake fitowa, ya kuma game ƙasa a watan Agusta 1957. Tsarinsa mai sauƙi ne: a sa faifai, 'yan makaranta su yi rawa, mawaƙi ya zo ya motsa baki kamar shi ke rerawa. Clark ya gayyaci mawaƙa Baƙaƙe da dama, amma masu rawar da ake nunawa a shekarun Filadelfiya kusan dukkansu Turawa ne. Ta wannan shiri ne rawar tuwis ta watsu a 1960, bayan da Chubby Checker ya sake rera wata waƙa ta Hank Ballard, har ta hau kan jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa sau biyu, a 1960 da kuma farkon 1962. Sa'ad da Majalisar Dokokin Amurka ta binciki toshiyar bakin da kamfanonin faifai ke ba masu gabatar da shirye-shirye, Clark ya sayar da hannun jarinsa a kamfanonin waƙa ya tsira da mutuncinsa. Freed kuwa aka kore shi daga aiki, ya mutu a 1965 yana da shekara 43, ba shi da ko anini.

Maganin wannan ƙorafi bai zo ba sai da Baƙaƙe suka gina nasu dandalin. A 1970 wani ma'aikacin rediyo a Shikago, Don Cornelius, ya fara shirin Soul Train a wata ƙaramar tasha, da shekara ta kewayo kuma ya kai shi sauran birane, da taimakon Johnson Products, kamfanin man gashi mallakar Baƙar fata. A nan ne duniya ta ga samari da 'yan mata sun yi sahu biyu, ana ratsawa ta tsakiya bibbiyu kowa na nuna gwanintarsa. Shirin ya yi ƙarfin da har Dick Clark ya ƙirƙiro kishiyarsa a 1973, amma shugabannin Baƙaƙe suka yi masa rubdugu, ya janye. Soul Train ya rayu har 2006.

COCIN DA YA KOMA GIDAN RAWA

A Ingila kuwa, ran 1 ga watan Janairu, 1964, gidan BBC ya fara wani shiri mai suna Top of the Pops daga cikin wani tsohon coci a birnin Manchesta. Rolling Stones na cikin waɗanda suka fito a ranar, The Beatles kuma ke kan gaba a jerin waƙoƙin wannan mako. Bayan mako biyar da 'yan kwanaki, ran 9 ga watan Fabrairu, Beatles ɗin nan suka tsaya a dandalin Ed Sullivan a Niyok, mutum kamar miliyan 73 suna kallo. Mawaƙan Amurka da yawa da suka yi suna daga baya sun sha faɗin cewa a wannan dare ne suka ƙudura sai sun mallaki jita.

Ƙa'idar Top of the Pops ita ce, waƙar da ke hawa a kasuwa ita ake nunawa, kuma ta ɗaya ita ke rufe shiri. A nuna waƙa ran Alhamis da yamma, ran Asabar yara su yi layi a kantin faifai. Matsalar ita ce mawaƙi ba ya rabuwa biyu. In yana yawon wasa a Japan ko Amurka, sai BBC ta sa 'yan matanta masu rawa su cike gurbin, wani lokaci rawar ma ba ta da dangantaka da waƙar. Beatles, da ihun 'yan kallo ya gundure su har suka daina wasa a gaban jama'a a watan Agusta 1966, sai suka ɗauki dabarar shirya gajeren fim na kowace sabuwar waƙa su aika wa gidajen talabijin, fim ya yi tafiyar a madadinsu. Abin takaici, BBC a wancan lokaci ba ta ɗauki waɗannan shirye-shirye a bakin kome ba. Tef na da tsada, saboda haka akan goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kai, ta haka aka yi asarar yawancin shirye-shiryen shekarun 1960, har da ranar da Beatles suka zo ɗakin shirin da kansu a watan Yuni 1966.

Wanda ya nuna wa kamfanoni cewa ɗan gajeren fim ɗin nan kadara ne, shi ne abin da ƙungiyar Queen ta yi a Nuwamba 1975. Waƙarsu "Bohemian Rhapsody" ta kusa minti shida, ninki biyu na abin da rediyo ya saba, a tsakiyarta kuma akwai wani wuri da aka jera muryoyi bisa muryoyi a ɗakin ɗaukar sauti, yadda mutum huɗu ba za su iya maimaita shi a dandali ba. Tsayawa a gaban kyamara ana motsa baki kuwa zai zama abin ba'a, ga shi kuma suna shirin fita yawon wasa. Sai suka kira wani mai shirya fim, Bruce Gowers, suka shiga ɗakin ɗaukar hoto na Elstree, cikin kamar awa huɗu aka gama, kuɗin bai kai Fam 5,000 ba. Fuskoki huɗu a cikin duhu, hoto yana ninkuwa yadda murya ke ninkuwa. Waƙar ta yi mako tara tana ta ɗaya a Ingila. Daga nan kamfanonin Landan suka mai da shirya bidiyo al'ada, abin da ya zo ya yi musu rana bayan shekara shida.

Domin kuwa sa'ad da MTV ta buɗe, ba ta da kayan da za ta cika awa 24. Bidiyon da ke hannunta 'yan ɗaruruwa ne kawai, da yawansu kuma daga Ingila suka zo. Masu tashar, watau kamfanin Warner da na American Express, sun gina lissafinsu ne a kan samun kaya kyauta: kamfanin faifai ya biya kuɗin shirya bidiyo, ya miƙa wa tashar, ita kuma ta sayar da lokacin talla. Kamfanonin Amurka sun yi ta jan ƙafa, domin tun 1979 kasuwar faifai ta faɗi, ba mai son sabon kashe kuɗi. Abin da ya sauya musu ra'ayi labari ne daga garuruwa irin su Tulsa a Jihar Oklahoma, inda wayar MTV ta riga ta isa. Masu kantuna suka ce yara na zuwa neman faifan mawaƙan da babu gidan rediyon garin da ya taɓa sa su.

Samarin Ingila suka shigo ta wannan ƙofa. Duran Duran suka tafi Siri Lanka da tsibirin Antigua suka ɗauki hotuna a daji da kan jirgin ruwa, Culture Club da Eurythmics suka zo da shigar da ta sa mutanen karkarar Amurka suka riƙa tambaya ko mace ce ko namiji. A tsakiyar 1983 kusan rabin waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa a Amurka na mawaƙan Birtaniya ne, abin da ko zamanin Beatles ba a gani ba.

ƘOFAR DA MICHAEL JACKSON YA BUƊE

Sai dai tsohuwar cutar nan ta zamanin Nat King Cole ba ta warke ba. A shekara ɗaya da rabi ta farko, da ƙyar mai kallo zai ga Baƙar fuska a MTV, in ban da J.J. Jackson, ɗaya daga cikin masu gabatarwa biyar, da 'yan tsirarun mawaƙa. Hujjar shugabannin tashar ita ce su tashar rok ce, kiɗan Baƙaƙe kuwa wani fanni ne dabam. Hujja ce mai rauni ga duk wanda ya san inda rok ya samo asali. Rick James, wanda faifansa ke sayuwa kamar ƙosai amma aka ƙi nuna bidiyonsa, ya fito fili ya kira abin wariya. A 1983 David Bowie, Bature ɗan Ingila, ana cikin hira da shi a tashar sai ya juya tambaya kan mai tambayarsa, Mark Goodman, ya nemi sanin dalilin da ya sa ba a nuna mawaƙa Baƙaƙe sai tsakar dare. Goodman ya yi ta kame-kame, har ya ce dole su yi la'akari da ƙananan garuruwan tsakiyar Amurka waɗanda ganin irin su Prince zai firgita su. Bowie ya dube shi kawai, kallon da ya fi kowace amsa.

A watan Maris na 1983 MTV ta fara nuna "Billie Jean" ta Michael Jackson. Shugaban kamfanin faifai na CBS, Walter Yetnikoff, ya ce sai da ya yi barazanar janye bidiyon dukan mawaƙansa ya kuma tona wa tashar asiri kafin ta yarda. Shugabannin MTV sun musa, sun ce da ganin bidiyon suka karɓa. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, sakamakon ɗaya ne: yaron nan mai tafiya daɓen titi na kama haske a ƙarƙashin ƙafarsa ya jawo wa tashar masu kallon da ba ta taɓa samu ba. Ran 16 ga watan Mayu gidan NBC ya nuna bikin cikar kamfanin Motown shekara 25, inda Jackson ya yi tafiyar nan tasa ta sulɓewa da baya alhali kamar gaba yake yi. Ba shi ya ƙago ta ba. Masu rawar titi sun daɗe da ita, Jeffrey Daniel na ƙungiyar Shalamar, wanda a Soul Train ya yi wayo, ya riga ya nuna ta a Top of the Pops a 1982. Daniel ya yi aiki da Jackson daga bisani, kuma masu kallo a Nijeriya sun san shi a matsayin alƙali a gasar Nigerian Idol.

Da kasuwar faifan "Thriller" ta fara sanyi a tsakiyar shekarar, Jackson ya nemi a yi wa waƙar da faifan ya ci sunanta fim sosai, ya kira John Landis, mai shirya finafinan silima. CBS ta ce ba za ta zuba kuɗi a kan faifan da ya riga ya ci kasuwarsa ba. Sai aka yi dabara, aka ɗauki wani fim na yadda ake shirya fim ɗin, aka sayar wa MTV da tashar Showtime, da kuɗinsu aka biya aikin da ya ci aƙalla Dala 500,000. Tashar da ta kafu a kan kayan kyauta, ga ta tana biyan mawaƙin da a da ake shakkar nunawa. Fim ɗin ya kusa minti 14, an fara nuna shi ran 2 ga watan Disamba, 1983, da gawawwaki suna fitowa daga kabari suna rawa. Da yake Jackson a lokacin mabiyin ɗariƙar Shaidun Jehobah ne, sai da aka rubuta a farkonsa cewa fim ɗin ba ya nufin ya yi imani da tsafi. Faifan ya koma na ɗaya, ya zama wanda ya fi kowane faifai sayuwa a tarihi, a Fabrairu 1984 kuma Jackson ya kwashi lambobin Grammy 8 a dare ɗaya. Prince, da Lionel Richie, da Tina Turner, da Whitney Houston duk ta wannan ƙofa suka bi, a 1988 kuma tashar ta buɗe shiri na musamman domin kiɗan rap.

Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, amma ba kowa ne ƙafarsa ta iya sabuwar rawar ba. Akan ba da misali da Christopher Cross, mai murya kamar sarewa, wanda ya ci Grammy 5 a Fabrairu 1981, wata shida kafin MTV, amma da yake ba shi da siffar da kyamara ke so, tauraronsa bai daɗe ba ya dusashe. Billy Squier kuwa bidiyo ɗaya ne ya kayar da shi a 1984, inda aka nuna shi yana birgima da tsalle-tsalle a ɗakin kwana, magoya bayansa suka ga abin bai dace da gwarzon rok ba, shi da kansa ya ce daga nan zaurukan wasansa suka daina cika. A ɗaya gefen kuma ga a-ha, samari uku daga Norway, waɗanda waƙarsu "Take On Me" ta fito a 1984 ba wanda ya kula. Aka sake ɗaukarta, aka yi mata bidiyo wanda masu zane suka yi wata huɗu suna bin hotonsa da fensir, a watan Oktoba 1985 ta zama ta ɗaya a Amurka. Mark Knopfler na Dire Straits, wanda ba ya ƙaunar bidiyo, ya tsinci wani lebura a kantin kayan lantarki a Niyok yana kallon MTV yana gunagunin yadda mawaƙa ke samun kuɗi a banza, ya mai da gunagunin waƙa. Tashar da ake yi wa shaguɓe ta rungumi waƙar, ta ba bidiyonta lambar yabo, kuma da ita aka buɗe MTV ta Turai ran 1 ga watan Agusta, 1987.

RANAR DA AKA YI WA HABASHA WASA

Ran 23 ga watan Oktoba, 1984, BBC ta nuna rahoton Michael Buerk daga garin Korem a arewacin Habasha, da hotunan da Mohamed Amin ɗan ƙasar Kenya ya ɗauka na dubban mutane da yunwa ta tara a fili. Farin wannan shekara bai tsaya a Habasha ba, ya taɓa Sudan da Chadi da Nijar. Cikin masu kallo akwai Bob Geldof, mawaƙi ɗan Ailan wanda kasuwarsa ta ja baya. Shi da Midge Ure suka tara mawaƙan Birtaniya suka yi faifan taimako, na Amurka suka bi sahu a Janairu 1985, ran 13 ga watan Yuli kuma aka yi wasan Live Aid a filin Wembley na Landan da wani fili a Filadelfiya a lokaci guda, tauraron ɗan'adam na kai hoton ƙasashe fiye da 100. An ƙiyasta masu kallo sun haura miliyan 1,000, kuɗin da aka tara kuma ya wuce Dala miliyan 100.

Ana tuna ranar da minti 20 na Queen, amma abin da ya fi girgiza masu kallo wani ɗan fim ne na gidan talabijin ɗin Kanada, wanda David Bowie ya rage waƙa ɗaya daga cikin nasa don a nuna shi: yara masu fama da yunwa, an ɗora musu wata waƙar soyayya ta ƙungiyar The Cars. Wayoyin karɓar gudummawa suka ɗauki ruri. An ceci rayuka da kuɗin nan, wannan ba abin musu ba ne. Amma wasan da aka yi domin Afirka kusan babu mawaƙin Afirka a dandalinsa, kuma mai kallo ya tashi bai ji kome ba game da yaƙin da gwamnatin Mengistu ke yi a Tigre da Eritiriya, da kwashe mutane da ƙarfi daga ƙasarsu, waɗanda suka mai da fari ya zama bala'i. An nuna wa duniya Afirka mai miƙa ƙoƙo, hoton kuma ya daɗe bai goge ba.

Ƙarfin MTV ya kai har farkon shekarun 1990, lokacin da bidiyo ɗaya na Nirvana ya ɗauko ƙungiyar daga duhu, faifansu ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Janairu 1992. Amma tashar ta riga ta gano lahanin sana'arta. Mai kallo da an sa waƙar da ba ya so sai ya murɗa wata tasha, masu talla kuwa suna son wanda zai zauna rabin awa. Saboda haka a 1992 ta fara The Real World, inda ake tara baƙin juna a gida ɗaya ana ɗaukar zamansu da faɗace-faɗacensu, irin waɗannan shirye-shirye suka yi ta cin lokacin waƙa. Da YouTube ya bayyana a intanet a 2005, ba wanda ya sake zaman jiran a sa masa waƙar da yake so. Top of the Pops ya rufe a watan Yuli 2006 bayan shekara 42, a 2010 kuma MTV ta cire kalmomin da ke nufin talabijin ɗin kiɗa daga tambarinta.

Afirka ta sami nata rabon ne da yamma ta yi. An buɗe MTV Base ta Afirka a Fabrairu 2005, a wannan shekara 2Face Idibia ya ci lambar gwarzon mawaƙin Afirka a bikin MTV na Turai, bikin farko na lambobin MTV na Afirka kuma a Abuja aka yi shi cikin Nuwamba 2008. Ƙa'idojin da tashar ta gindaya kan kyan hoto sun tilasta wa masu shirya bidiyo a Legas ɗaga aikinsu, abin da ya amfane su sa'ad da kasuwa ta koma intanet.

Su kuwa The Buggles, waƙar tasu ta zama ta ɗaya a Ingila a 1979, amma a Amurka ba ta wuce ta 40 ba. Trevor Horn, mai manyan tabarau ɗin nan, ya koma bayan fage yana shirya wa waɗansu faifai, Geoff Downes ya shiga ƙungiyar Asia. Akwai kuma wani saurayi Bajamushe da ake hangowa na ɗan lokaci a bidiyon, sanye da baƙaƙen kaya yana danna molon lantarki. Sunansa Hans Zimmer, wanda ya ci lambar Oscar a 1995 saboda kiɗan fim ɗin The Lion King, ya sake cin wata a 2022.